Ƙofar Kuturu: Aikin Jinƙai na 'Yan Mishan a Lardin Sakkwato da Ƙasar Gwandu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ƙungiyoyin mishan na Kirista, waɗanda aka hana su wa'azi a masarautun Musulmi tun farkon mulkin mallaka, suka samu shiga tsakiyar Daular Usmaniyya ta Sakkwato a shekarar 1937 ta hanyar kula da masu cutar kuturta. Ta fara da matsayin mai kuturta a fiƙihun Malikiyya da tarihin Musulunci, sa'an nan ta duba yarjejeniyar da ta haɗa sarakuna da Turawan mulki da 'yan mishan, da yadda ta shafi Lardin Sakkwato har da ƙasar Gwandu. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne cewa haƙƙin da Shari'a ta ɗora wa baitulmali game da majinyaci ya koma sadakar bakin ƙofa, kuma ta wannan giɓi ne baƙi suka shigo.

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk lokacin da aka tayar da zancen 'yan mishan a tsakanin ɗalibanmu, magana takan rabu gida biyu. Wasu suna ganin duk abin da suka yi makirci ne tsantsa, asibiti da makaranta tarko ne kawai. Wasu kuma, musamman waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka samu sauƙi a hannunsu, ba sa son jin suka ko kaɗan. Ɗalibin ilmi ba ya wadatuwa da ɗayan biyun, domin a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukaki ya hane mu barin adalci saboda ƙiyayyar wasu mutane. Adalci kuwa ba ya samuwa sai an san abin da ya auku, da lokacin da ya auku, da dalilin aukuwarsa.

Tambayar da wannan nazari ya ɗauko ita ce: yaya aka yi mishan ɗin da bai iya samun fili a Sakkwato ba a shekarar 1903 ya wayi gari, bayan shekara talatin da 'yan kai, yana gudanar da asibiti a Amanawa, kilomita kaɗan daga Hubbaren Shehu, da yardar sarakuna da tallafin baitulmali? Amsar tana komawa ga mutum guda da al'umma ta daɗe tana gani a ƙofar masallaci ba tare da ta tambayi kanta abin da yake bin ta ba, wato kuturu.

Mai kuturta a fiƙihu da tarihin Musulunci

Shari'a ba ta yi shiru game da wannan cuta ba. A hadisin Abu Huraira da Bukhari ya ruwaito, an kore cewa cuta na yaɗuwa da kanta, kuma a cikin hadisin ne aka yi umarni da nisantar mai kuturta. Muslim ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙif akwai mai kuturta, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Malamai sun yi ƙoƙarin haɗa waɗannan nassoshi. Ibnus Salah ya tafi a kan cewa cuta ba ta da tasiri da ɗabi'arta, amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi. Ibn Hajar kuwa, a Nuzhatun Nazar, ya bar korewar a kan gamewarta, ya ɗauki umarnin nisanta a matsayin toshe kafa, don kada wanda ya kamu ya jingina abin ga wanin ƙaddarar Allah.

A Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Sayyidina Umar da wata mata mai kuturta da ya gani tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Risalar Ibn Abi Zaid ta lissafa kuturta cikin aibobin da ake mayar da aure saboda su, Mukhtasar Khalil kuma ya sanya ta cikin uzurorin rashin halartar Juma'a. Waɗannan hukunce-hukunce duk wanda ya yi karatun zaure ya san su. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne ɗaya ɓangaren mas'alar. Magabatan Malikiyya, irin su Ibn Habib, sun tattauna halin masu kuturta idan suka yi yawa a gari. Sun ce a ware musu wuri, amma ba za a hana su shiga kasuwa ko yawon bara ba matuƙar babu shugaban da ke ciyar da su daga dukiyar al'umma. Ma'ana, killacewa da ciyarwa tagwaye ne. Wanda ya nemi majinyaci ya nisanci jama'a, to ya ɗauki nauyin cinsa da shansa.

Haka kuwa aka yi a aikace. Balazuri ya ruwaito a Futuhul Buldan cewa Sayyidina Umar, a hanyarsa ta zuwa Jabiya a ƙasar Sham, ya wuce wasu Nasara masu kuturta, ya yi umarni a ba su daga dukiyar sadaka, a kuma yanka musu abinci. Bai gindaya musu sharaɗin musulunta ba. Ɗabari ya ambaci cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa masu kuturta albashi, ya hana su bara, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai yi masa hidima. A Ƙairawan, garin Imam Sahnun, Aglabawa sun gina gidan jinya da ake kira Dimna a ƙarni na 9, da sashen masu kuturta a cikinsa. A Marrakish kuwa, ɗaya daga cikin waliyyai bakwai da garin ke alfahari da su, Sidi Yusuf ɗan Ali, mai kuturta ne. Wannan shi ne gadon da mazhabarmu ta zo da shi.

Halin da ake ciki a ƙasar Hausa

Shugabannin jihadi sun san wannan gado. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙ, da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu a Diya'ul Hukkam, sun yi bayanin hanyoyin da dukiya ke shiga baitulmali da wuraren da ake kashe ta, kuma mabuƙata suna cikin masu haƙƙi. Malam Abdullahi, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci, har da littafi a kan ciwon ido. Babu mai cewa magabatanmu sun jahilci lafiyar jiki.

Sai dai tsarin da ya zaunu a garuruwa ya ɗauki wata siffa. Masu lalura sun zama jama'a mai shugabancinta, akwai Sarkin Kutare da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda ke sasanta mutanensu, su raba musu abin da aka samu, su wakilce su a fada. Wannan tsari yana da alherinsa, domin bai jefar da majinyaci daji ba, ya bar shi cikin gari da aurensa da 'ya'yansa. Amma ginshiƙinsa bara ne: ƙofar masallaci ranar Juma'a, ƙofar attajiri da safe, da manyan kasuwanni irin ta Jega. Ga kuma camfe-camfen da suka dabaibaye cutar, kamar cewa gado ce da ba ta barin zuri'a, ko sakamakon rantsuwar ƙarya da Alƙur'ani ce, abin da ya ɗora wa majinyaci zargi a kan ciwo. Karin maganar da ke cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano tana nuna cewa kuɗi ne kaɗai ke sama masa zaɓi. Wanda ba shi da su kuwa sai abin da aka jefa masa daga nesa.

Abubuwa biyu sun ƙara raunana lamarin. Na farko, waƙafi bai yi ƙarfi a ƙasar Hausa ba kamar yadda ya yi a Masar da Magrib, inda gonaki da shaguna ke ciyar da gidajen jinya shekaru aru-aru. Abin da muka fi sani shi ne waƙafin masallaci da rijiya da maƙabarta da littattafai. Na biyu, bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Turawa sun dunƙule zakkar hatsi da sauran abin da talakawa ke biya cikin haraji da jangali, aka raba kuɗin tsakanin gwamnati da En'e. Sunan baitulmali ya tsira, amma kasafinsa ya koma ƙarƙashin idon Razdan. Zakka ta zama al'amarin mutum da Ubangijinsa, babu hukumar da ke tattara ta don ta gina wani abu mai ɗorewa.

Ƙofar da aka rufe

A can ƙasashen Turai da Amurka kuwa, wani yunƙuri ne ke tashe a majami'u. Kiristoci suna karanta a Linjilarsu cewa Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi, ya taɓa kutare ya warkar da su, mu ma Alƙur'ani ya tabbatar mana a Suratu Ali Imrana da Suratul Ma'ida cewa ya warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah. Saboda haka hidimar kuturu ta samu matsayi na musamman a wurinsu. A 1874 Wellesley Bailey ya kafa ƙungiyar mishan ta kutare don aiki a Indiya. Labarin Fada Damien, wanda ya zauna da kutaren tsibirin Molokai har ya kamu da cutar ya mutu a 1889, ya zaga duniya. A lokaci guda kuma masu wa'azi irin su Karl Kumm, Bajamushen da ya kafa Sudan United Mission a 1904, suna kira a fili da a jera tashoshin mishan a faɗin Bilad Sudan don tare yaɗuwar Musulunci zuwa kudu. Tausayi da gasar addini sun taho tare tun daga tushe, kuma su kansu ba su ɓoye haka ba.

A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada da Thomas Kent daga Amurka, suka sauka a Legas da nufin isa ƙasar Hausa. Kafin shekara ta zagayo Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ne ya tsira, kuma shi ya gina ƙungiyar da aka sani da Sudan Interior Mission, ko SIM a taƙaice, wadda ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902. A 1900 kuma tawagar cocin Ingila ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya samu zama a birnin Zariya a 1905 da ɗakin shan magani da makaranta, har aka mayar da tashar Wusasa a wajen ganuwa a 1929.

Zariya ta zama togaciya ne. A jawabinsa na Sakkwato a 1903 Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, sarakuna suka riƙe wannan alkawari, Turawan mulki kuma suka fassara shi da hana mishan shiga masarautu. Ba ƙaunar Musulunci ta sa su ba. Tsoron tarzoma ne, musamman bayan yaƙin Satiru na 1906. Don haka 'yan mishan suka karkata ga mutanen da ke gefe. An miƙa wa Sudan United Mission yaran da aka 'yanto daga bauta, ta buɗe musu gida a Rumasha a 1909. A kudancin Jihar Kebbi ta yau, United Missionary Society ta kafa tasha a Zuru cikin shekarun 1920, a tsakanin al'ummun da a lokacin mafi yawansu ke kan addinin gargajiya. Sakkwato da Gwandu da Argungu kuwa sun kasance a rufe.

Yarjejeniyar 1937

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka buɗe ƙofar. A 1924 an kafa wata ƙungiya a Landan don yaƙi da kuturta a ƙasashen da Ingila ke mulka, binciken da aka yi kuma ya nuna cewa Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da cutar ta fi yawa. An riga an ga misalin matsugunan da mishan ke gudanarwa a Itu da Garkida da Uzuakoli. Karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta rage kuɗin shiga, likitocin gwamnati kuma ba su da yawa, ba su kuma sha'awar zama a ƙauyen kutare. Gwamna Donald Cameron, wanda ya yi mulki daga 1931 zuwa 1935, ya sassauta takunkumin da ke kan mishan. Su ma sarakuna idonsu ya buɗe ga abin da likitancin zamani ke iya yi: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun ziyarci Ingila.

Sakamakon haka, a 1937 aka damƙa wa SIM kula da matsugunan kutare na larduna uku: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Albert Helser, Ba'amurken da ya taɓa aiki a Garkida, na cikin jagororin shirin. En'e ta ba da fili da tallafin kuɗi, ƙungiyoyin agaji na Ingila da Amurka suka taimaka da magani da gudummawa, mishan ya kawo likitoci da ma'aikatan jinya. An gindaya sharuɗɗa don kare addinin majinyata, kuma wanda ya fi jawo taƙaddama tsakanin 'yan mishan da gwamnati shi ne hana koyar da Kiristanci ga 'ya'yan Musulmi da ba su kai shekara 18 ba.

Shin sarakunan da suka amince sun yi sakaci ne? Ta fuskar fiƙihu, neman magani wurin likitan da ba Musulmi ba halal ne idan amintacce ne a sana'arsa. Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja a kan haka da ɗaukar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ a matsayin ɗan jagora ranar Hijira alhali yana kan addinin mutanensa. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, wadda ta yi bincike a kan waɗannan matsugunai, ta nuna cewa sarakunan sun ɗauki shirin a matsayin sauke nauyin talakawa da ke wuyansu, sun kuma faɗaɗa ikonsu ta hanyarsa. A gaban sarki akwai dubban majinyata, babu likita Musulmi ko ɗaya da zai tura musu, kuma baitulmalin da ke hannunsa ba shi da cikakken iko da shi. Ya zaɓi mafi sauƙin cutarwa biyu, ya kafa sharaɗi gwargwadon ikonsa. Tambayar da ta fi cancanta ita ce me ya sa al'umma ta kai matsayin da ba ta da zaɓi sai wannan.

Amanawa da ƙasar Gwandu

A wancan zamani masarautun Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri duk suna cikin Lardin Sakkwato, saboda haka Amanawa ita ce cibiyar lardin baki ɗaya. Majinyaci daga Masama ko Kambaza ko Dalijan, idan ya nemi magani na zamani, can zai dosa. Wannan zamani ya dace da sarautar Sarkin Gwandu Yahaya, daga 1938 zuwa 1954, wanda aka sani da son ilmin zamani da gyaran sha'anin mulki. SIM ta samu tasha a Kalgo, kusa da Birnin Kebbi, wato a cikin ƙasar da Malam Abdullahi ya shugabanta.

Rayuwa a irin waɗannan matsugunai ta ginu a kan zama na shekaru. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne man wata bishiyar Indiya da ake kira chaulmoogra, ana yin allurarsa a fata, ga zafi ga ƙarancin tasiri. Abin da ya fi amfanar majinyata shi ne wanke gyambo da ɗaure shi kullum, da abinci, da kula da ƙafa da hannun da suka daina jin zafi. Masu ƙarfi suna noma, ana koya wa wasu sana'a, ana koya wa wasu yin allura da ɗaurin ciwo har su zama mataimaka. Akwai ajin karatun boko, littafin karatu kuwa sau da yawa shi ne Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932. Akwai kuma gidan reno, inda ake raba jariran da aka haifa lafiya da iyayensu mata don kada su kamu.

Daga wannan tushe aikin ya yi rassa. SIM ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, da asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950, da matsugunin kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Sudan United Mission ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka zama cocin ECWA. Mai lura zai ga cewa jerin waɗanda aka yi wa hidimar, bawa da kuturu da makaho, su ne dai mutanen da littattafan fiƙihunmu suka yi wa babi, Suratu Abasa kuma ta sauka saboda ɗayansu.

Awo da sikelin adalci

Abu na farko da adalci ke wajabta faɗa shi ne an yi hidima ta gaske. Mutane sun baro ƙasashensu, da yawansu mata ne ma'aikatan jinya, sun koyi Hausa, sun shekara goma ko ashirin suna wanke gyambon da dangin majinyaci ke ƙyama. Kuɗin da ya riƙe su kuwa mafi yawansa ƙananan gudummawa ne na talakawan majami'u a Kanada da Amurka da Ingila, ana tarawa a kai a kai, ana rubutawa, ana ba da rahoto. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kamar yadda ma'anar hadisi ta nuna.

Abu na biyu shi ne manufar mayar da mutane Kirista ba ta taɓa rabuwa da aikin ba, kuma a nan ne matsalar take. Mutumin da aka raba da danginsa shekaru, abincinsa da allurarsa suna hannun mai yi masa wa'azi, zaɓinsa ba cikakke ba ne ko da ba a tilasta shi da baki ba. Yaron da ya tashi a gidan reno, nesa da mahaifiyarsa da makarantar allo, lamarinsa ya fi tsanani. Mafi yawan majinyata sun koma gida da Musuluncinsu, amma wasu sun canza addini, kuma daga cikinsu da 'ya'yansu aka samu wani kaso na Hausawa Kirista na farko, malaman asibiti da malaman makaranta da masu wa'azi. Wannan ƙorafi Musulmi sun kai shi har zauren tattaunawa na duniya. A taron Chambésy na ƙasar Suwizalan a 1976, Isma'il al-Faruƙi da Khurshid Ahmad sun soki amfani da agaji wajen sauya addinin mabuƙata. A 2011 Majalisar Majami'u ta Duniya da Fadar Paparoma da ƙawancen majami'un bishara sun fitar da takarda ta haɗin gwiwa da ta yi tir da cin gajiyar talauci da buƙata wajen wa'azi. Wannan ƙa'ida tana hawa kanmu kamar yadda take hawa kansu, kuma Sayyidina Umar ya riga kowa aiki da ita a Jabiya.

Abu na uku ya shafe mu ne kai tsaye. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya koka a Ihya'u Ulumid Din cewa garuruwa da yawa ba su da likita sai wanda ba Musulmi ba, alhali ɗalibai na rububin zurfafa cikin mas'alolin saɓani, sun bar farillar kifaya babu mai tsayuwa da ita. Abin da ya gani a zamaninsa shi ne ya same mu a 1937. Mun riƙe rabin mas'alar Ibn Habib, wato nisantar majinyaci, mun saki rabin da ke buƙatar kuɗi da tsari da haƙuri.

Bayan zuwan magani

Ilmi ya sauya fuskar cutar. Tun 1873 likitan Norway Gerhard Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa ta, abin da ya rushe zancen gado. A ƙarshen shekarun 1940 gwajin da aka yi a Uzuakoli ya tabbatar da amfanin ƙwayar dapsone da ake haɗiya, cikin shekarun 1950 kuma Gwamnatin Arewa ta baza ƙananan wuraren ba da magani a ƙauyuka, buƙatar zaman shekaru a matsuguni ta ragu. Cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitoci da makarantun mishan da dama, Amanawa ta koma hannun gwamnati. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, kuma tun 1995 ana ba da su kyauta. Yau kuturta na warkewa cikin wata 6 ko 12, yawancin mutane jikinsu ba ya kamuwa da ita, wanda ya fara shan magani kuma ya daina yaɗa ta. Duk da haka ana ci gaba da samun sababbin masu kamuwa a Nijeriya kowace shekara, kuma har yanzu ƙungiyar The Leprosy Mission, magajiyar wadda Bailey ya kafa, na cikin masu tallafa wa wannan aiki a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara.

Musulmi ma sun motsa. An kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, ƙungiyoyin addini sun samar da 'yan agaji da asibitoci, wasu jihohi sun kafa hukumomin zakka da waƙafi. A wajen Nijeriya, likitan Kuwait Abdurrahman as-Sumaiɗ, wanda ya rasu a 2013, ya shafe kusan shekara talatin yana hidimar marayu da majinyata a Afirka. Amma har yau gina masallaci na biyu a unguwa guda ya fi sauƙin samun mai ɗaukar nauyi a kan albashin ma'aikacin jinya guda na shekara.

Kammalawa

Tarihin Amanawa da Kalgo yana ɗora wa ma'abota ilmin addini ayyuka bayyanannu. Limamin Juma'a a Masama ko Diggi ko Zuguru yana iya sanar da jama'arsa cewa tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi alama ce da ke buƙatar zuwa asibiti da wuri, cewa magani kyauta ne, kuma nakasa na zuwa ne daga jinkiri. Yana iya karanta musu hadisin nisanta tare da labarin Jabiya a huɗuba guda. Masu bincike a fiƙihu suna da mas'ala a gabansu: mene ne matsayin zaɓin raba aure saboda kuturta yanzu da cutar ke warkewa cikin watanni, alhali malamanmu sun riga sun yi maganar jinkirta wa mai aibin da ake fatan warkewarsa shekara guda? Hukumomin zakka da mawadata kuma suna da damar kafa waƙafin gona ko shago da zai riƙe ɗakin jinya bayan ran mai bayarwa, da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yanmu maza da mata a fannin likitanci da niyyar sauke farillar kifaya.

Wanda ya wanke wa majinyaci gyambo shi majinyacin zai saurara, ko da wane addini ya zo. Malam Abdullahi ya haɗa maslahar addini da ta jiki a sunan littafi guda, ya rage ga makarantun da suka gaje shi su haɗa su a aiki. Allah ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.